Ƙasa Ta Yaya, Itace Na Makaranta

Yayana Abdulmannan bai taɓa zama a aji ba, amma babu wanda makarantar firamaren Mashayar Gana ta mora kamarsa. Ni Bara'atu ƙanwarsa ni zan ba da labarin, don shi ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai buɗe baki ba. Bandar kifi nake sayarwa a kasuwar Haɗeja, kuma duk wanda ya san rumfata ya san ba na tauna magana.

Masunci ne ɗan masunci. A kan gora ya koyi ruwa tun bai iya ɗaura wando ba, kuma gidanmu na gado yana bakin kogi, kamar gidan kowane masunci a garin. Da mahaifinmu ya rasu, bayan gidan filaye biyu ya bari: guda a fadama, guda a kan jigawar da ke bayan gari. Ni aka ba ni rabona a fadama, Yaya ya ɗauki jigawa. Mutane suka yi ta yi masa dariya, wai ya bar ƙasar shinkafa ya rungumi yashi. Shi kuwa maganar mahaifinmu ya riƙe, cewa ran da kogi ya yi fushi, wurin nan kaɗai zai rage a bushe. Duk shekara idan ruwa ya lashi katangar gida sai ya ce wa matarsa Yagana, "Baɗi in Allah ya kai mu zan tayar da ɗaki a jigawa." Tun tana amarya take jin baɗin nan, har furfura ta fito mata.

Sai kachalla ta zo. Ciyawar nan doguwa ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye fadamu, ta zama masaukin tsuntsun jan-baki. Gonata ta shinkafa yau ko ni ban iya nuna inda take ba. Kifi ya yi ƙasa. Yaya ya koma zama a zaure yana ɗinkin komar da ba za ta shiga ruwa ba, ya ɗinke, ya warware, ya sake ɗinkewa. Mutum ne da hannunsa ba ya iya zama, kuma wannan hannun ne ya ja masa duk abin da ya same shi.

Ana haka wata ƙungiya ta shigo da aikin lambun makaranta. Wadda ta kawo aikin Malama Grace ce, 'yar Filato, mace mai kazar-kazar, Hausarta rangaɗau. A babur take zuwa daga Haɗeja, inda hanya ta ƙare ta shiga kwalekwale, ba ta taɓa yin tsaki ba. Tsarinta mai kyau ne, ba zan ci haƙƙinta ba: yara su koyi haɗa taki da kashin dabbobi da shara, su shuka alayyafo da kuɓewa da tumatir da zogale, a haƙa rijiya mai aiki da hasken rana, abin da aka girbe ya shiga tukunyar abincin yara. Matsala ɗaya ce, filin makarantar yana kwari, duk damina kwaɗi ne ɗalibansa. Ana neman tudu.

Shugaban makarantar, Malam Yunusa, mutum mai zaƙin baki, ya ɗauki goro ya yi sallama a zauren Yaya. Bai daɗe ba ya fito yana murmushi, Yaya ya ba da jigawa. Aro ne, in ji shi, kafin a ga yadda abin zai kama.

To, aron gona a wurinmu ba sabon abu ba ne, kuma yana da ƙa'ida biyu da ko yaron goye ya sani. Ta farko, duk girbi wanda ya ari gona zai cika kwando da amfaninta, a ɗauka a ka, a ratsa gari da rana tsaka, a ajiye a ƙofar gidan mai gonar. Ba don yunwa ba, don idon jama'a, kowa ya ga gonar tana da mai ita. Ta biyu, ba a dasa itace a gonar aro. Itace na wanda ya dasa ne, da shi da 'ya'yansa, ko da ƙasar ta wani ce. Shi ya sa in ka ga baƙo ya zo gonarka da dashe, ka tare shi tun daga nesa.

Babu wanda ya ɗauki Yaya aiki. Ranar da aka fara sharar fili ya je ne kawai ya nuna iyaka. Ya ga yara suna riƙe da fartanya kamar masu riƙe da ludayi, ya ce ku kawo in nuna muku. Daga in nuna muku shi ke nan. Ya ja kunya, ya yi shinge da ƙaya, ya koyi haɗa takin nan har ya fi ƙaunar warinsa a kan warin kifi. Hutun makaranta ya zo, malamai suka tafi garuruwansu, yara suka koma korar tsuntsu a gonakin iyayensu, lambu ya rage daga shi sai Yaya. Asuba yana can, la'asar yana can. Yagana ta ce da ta san haka ne, da tumatir aka halicce ta, ko ta samu a riƙa duba lafiyarta sau biyu a rana.

Girbin farko ya yi kyau, abin sai wanda ya gani. Malam Yunusa, in faɗi gaskiya, ya bi ƙa'ida. Ya cika kwando da tumatir da albasa da tattasai, ya ɗora wa 'yan aji shida, suka ratso gari suna waƙa har ƙofar gida. Yagana tana leƙe daga zaure, har ta fara lissafin miyar da za ta yi. Yaya ya fito, ya dubi kwandon, ya dubi yaran, wasu ko takalmi babu.

"Haba Malam," in ji shi. "Ni da gemuna in ci abincin yara? Ku mayar musu a tukunya. Kar a sake wahalar da su da wannan."

Ya faɗa a gaban mutane, mutane suka ce madalla, Allah ya yi albarka. Malam Yunusa ya yi godiya, kuma da yake mutum ne mai biyayya, bai sake wahalar da yaran ba. Da labari ya iso ni a kasuwa na ajiye ciniki na hau mota. Na ce, "Yaya, kwandon nan ba tumatir ba ne a cikinsa, gonarka ce. Ka karɓa ko da awaki za ka zuba wa." Ya ce, "Bara'atu, ke dai kin cika faɗa. Wa zai ce jigawar Baba ba tawa ba ce?" Na koma Haɗeja raina a ɓace.

Shekara ta juyo, ƙungiya ta aiko da dashen itatuwa a cikin baƙar leda: mangwaro, gwaiba, lemo, kashu. Malama Grace ta san al'adar, domin a garinsu ma akwai irinta. Ta same shi ta ce, "Baba, gonarka ce. In ba ka so, mu kai su wani wuri." Yaya ya dubi dashen jere a rana, ganyensu ya fara langaɓewa. Ya ce, "Kar su mutu a leda, 'yata."

Duk da haka ta yi masa adalci. Ta ɗauki sanda ta bi iyakar gonar kawai tana yin alama, ta bar tazara mai faɗi tsakanin rami da rami, ta ce tsakiya a bar ta fili. Da aka cika ramukan, dashe ya yi saura da yawa, duk ƙanana, wasu karkatattu, wasu ganye biyu kacal. Ta ce waɗannan ba za su yi ba, a zubar da su a ramin taki. Ta hau kwalekwale ta tafi.

Yaya ya tsaya a kan ramin taki da leda a hannu, ya kasa saki. Mutumin da ya shekara yana fasa kan tarwaɗa da kulki, wai shi ne yake tausayin ɗan mangwaro. Ya kwashe su kaf, ya dasa a tsakiyar gona, nan ɗaya, can ɗaya, duk inda ƙafarsa ta samu wuri. Wanda ya karkace ya kafa masa sanda, wanda rana ta dama ya yi masa rumfa da kara. Da Malama Grace ta dawo ta riƙe baki. Ta ce, "Baba, sun yi cunkoso. In suka girma inuwa za ta kashe kayan miya, kuma ko akuya ba za ta samu wurin juyawa ba." Ya ce ai ba duka za su rayu ba. Wallahi ko ɗaya bai mutu ba. Ita ta yi gaskiya, shi ya yi ban ruwa.

Da itatuwa suka fara 'ya'ya aka shirya babban taro. Manyan baƙi suka zo da motoci har inda hanya ta ƙare, aka yi musu jigila a kwalekwale, suna riƙe da takalmansu a hannu. Aka kafa rumfa, aka ɗauko lasifika. Bulama Isa, mai garinmu, yana zaune a kujerar gaba. Aka yi jawabi a kan noma mai ɗorewa, aka maimaita kalmar ɗorewa har na ƙoshi. Sai wani babban baƙo ya tambaya, wane ne ya dasa wannan dausayi a tsakiyar yashi? Aka tura Yaya gaba, aka miƙa masa abin magana. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya dubi yaran da aka jera cikin wankakkun kayan makaranta, idanunsu duk a kansa.

"Yara ne suka dasa," in ji shi. "Ni ruwa kawai na zuba."

Aka yi tafi. Lasifikar ta kai maganar har tsallaken kogi. Na ga Bulama ya ɗan sunkuyar da kai yana jan carbi, na san ya ji, kuma Bulama ba ya mantuwa. Aka ba Yaya kyautar hular hana-sallah mai tambarin ƙungiya da sabon bokitin ban ruwa. Bokitin dai ya yi masa amfani.

Bayan haka wa'adin aikin ya ƙare, Malama Grace aka tura ta wata jiha. Inuwa ta rufe tsakiyar gona kamar yadda ta faɗa, kayan miya suka koma can gefe inda rana ke samu. Yaya yana nan, asuba da la'asar. Yagana ta ce masa, "Malam, ɗakin jigawa fa?" Ya ce, "Baɗi."

Baɗin da ta zo ita ce shekarar babbar ambaliya. Duk wanda ke ƙasar Haɗeja ya san ta, ba sai na tsaya bayani ba. Maza suka yi kwanaki suna jibga buhunan ƙasa a kan jingar da ke tare kogi, ruwa ya zo ya wuce ta kansu. Gidajen bakin kogi suka narke kamar sukari a koko. Ina mutane suka gudu? Jigawar Yaya. Rabin gari ya tare a gindin itatuwan nan, an ɗaura zannuwa daga reshe zuwa reshe, an kafa murhu, yara suna cin gwaiba har cikinsu ya ɗaure. Har haihuwa an yi a gindin kashu. Kowa yana cewa Allah ya saka wa makaranta da alheri, da ba don lambun makaranta ba da ina za mu sa kanmu. Yaya yana zagayawa yana roƙon mata kar su hura wuta kusa da saiwa.

Da ruwa ya janye kowa ya koma ya tayar da bangonsa. Yaya ya je nasa ya tarar babu inda zai tayar. Kogi ya zabtare gaɓar gaba ɗaya, inda zauren mahaifinmu yake yanzu nan kwalekwale ke wucewa. Yagana ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To Malam, baɗi ta zo."

Aka zauna a ƙofar Bulama kan maganar gini a jigawa. Na zo daga Haɗeja, na zauna a bayan maza inda za a ji muryata in ta kama. Bulama ya fara da kwando. Malam Yunusa ya ce sun kai, mai gona ya mayar, kuma ya hana a sake kaiwa. Bulama ya ce tunda an taɓa kaiwa kuma gari ya gani, aro ya tabbata, ƙasa ta Abdulmannan ce, babu mai ja. Na sauke ajiyar zuciya.

"Saura itace," in ji Bulama. Ya gyara zama, ya dubi Yaya da kyau, ya yi magana a hankali yadda ko kurma zai gane ƙofa ake buɗe masa. "Abdulmannan, ranar taro an yi hayaniya, wataƙila ban ji daidai ba. Itatuwan tsakiyar nan, wa ya dasa su?"

Duk wanda ke wurin ya san amsa. Sun gan shi da idonsu yana haƙa rami. Kalma ɗaya ake nema, ya ce "ni", ya sare abinsa ya yi gini. Na yi gyaran murya har maƙogwarona ya yi zafi. Amma a bakin katanga akwai 'yan makaranta sun taru suna kallo, irin waɗanda ke nuna wa baƙi bishiya su ce wannan tawa ce, wannan ta ajinmu ce. Yaya ya dube su, ya dubi ƙasa.

"Ranka ya daɗe, abin da na faɗa ranar nan shi ne."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah." Aka ce mata su yi shiru. Bulama ya yanke abin da al'ada ta ce: ƙasa ta Abdulmannan ce, ya gina duk inda ya ga dama a cikinta, itace na makaranta ne, kar a taɓa ko ɗaya. Aka shafa fatiha, kowa ya ce an yi adalci. An kuwa yi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, babu wanda zan zaga.

Muka je jigawa da igiya muna neman inda ɗaki zai zauna. Mu ja nan, mangwaro. Mu ja can, lemo. Mu karkata, gwaiba ta miƙo hannu. Gefen da rana ke samu kuwa nan ne kayan miyan yara da rijiya. Fili mafi girma da muka samu tabarma ɗaya yake ɗauka, ita ma sai an naɗe bakinta. Duk wanda ya dasa itatuwan nan bai bar wa mai ƙasar wurin kwana ba, na faɗa masa haka a fuskarsa, ya ce ai ƙanana ne a lokacin.

Malam Yunusa, Allah ya sani, abin ya dame shi. Ya zo ya ja Yaya gefe ya ce, "Baba, ka sare uku ko huɗu ranar da ba makaranta. Ni ban gani ba, kuma ba wanda zai tambaya." Ranar Asabar Yaya ya wasa gatari ya tafi, ni da Yagana muna biye da shi. Ya tsaya a gaban wani mangwaro ya ce wannan shi ne karkataccen nan, da ƙyar ya miƙe. Ya matsa ga lemo ya ce wannan bana ya fara fure. Kashun kuma a gindinsa aka yi haihuwa. Ya zagaye gonar kaf, a ƙarshe ya ɗaga gatari ya sare wani busasshen reshe da ya ce yana cutar da gwaiba. Ya miƙa wa Yagana wai ta yi girki da shi. Ban taɓa jin tausayin mutum da son in make shi a lokaci ɗaya ba sai ranar.

Yanzu Yagana tana wurina a Haɗeja, a ɗakin da nake ajiye kwandunan kifi. Matar da ta yi shekaru tana mulkin tsakar gidanta, yau in za ta shanya zani sai ta nemi izinina, kuma duk yadda na ce ta daina ba ta dainawa. Shi kuwa yana kwana a 'yar rumfar kwanon da ƙungiya ta yi don ajiye fartanyu da bokitai. Ƙafarsa ba ta gama shiga, sai ya lanƙwashe. Ya ce wurin yana da iska.

Bana da mangwaro ya nuna, Malam Yunusa ya aiko mana cewa za a dawo da kwando, kuma kowace shekara za a riƙa kaiwa, ko Baba ya so ko ya ƙi. Na ce ai gara, ko ba komai ƙasar ta tsira. Na ɗauki Yagana muka tafi. Muka same shi a gindin karkataccen mangwaron nan yana gyara bakin bokiti.

Yara suka cika kwando da mangwaro da lemo da ɗaurin zogale, suka ɗauka a ka, suka gangara gari da rana tsaka suna waƙa, yadda aka gaya musu ana yi. Muna jin waƙar tana nisa, ta bi ta masallaci, ta bi ta ƙofar Bulama, ta nufi bakin kogi. Can sai ta tsaya. An jima sai ga su sun dawo shiru, kwandon yana kan wata yarinya doguwa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, an ce mu ajiye a ƙofar gidanka. Mun je, ruwa ne a wurin. Ina za mu kai?"

Yaya ya buɗe baki, na san abin da zai ce, a mayar a tukunya. Kafin ya furta Yagana ta miƙe. Ta karɓi kwandon daga kan yarinyar, ta naɗa gammo da gefen mayafinta, ta ɗora a kanta, ta ce, "Na karɓa. Kowa ya shaida na karɓa."

Ta juya gabas, ta juya yamma. Ko'ina itace ne. Ta tsaya a tsakiyar gonar mijinta da kwando a ka, mu duka muna kallonta, babu wanda ya iya ce mata ga inda za ta sauke.